Zaman da muka yi da mai hoto kafin a shafa fatihar aurena

A gidajenmu na Damagaram, in aka sa ranar aure, maganar lefe ake fara yi, sai kayan ɗaki, sai anko, sai tukwanen da za a ɗora. Mai hoto yakan zo a ƙarshen lissafi, wani lokaci ma sai biki ya ƙarato wani cikin abokan ango zai ce ai ya san wani yaro mai kyamara. Na ga abin da hakan ke jawowa a bukukuwan ƙawayena. Albom ya cika da masu rawa amma waliyyin da ya ba da auren bai fito ko sau ɗaya ba, ko kuma hoton matar wani ba mayafi ya yi ta yawo a wayoyin mutane. Shi ya sa da aka tsayar da namu a watan Sha'aban, wanda ya faɗo cikin Fabrairun 2025, na roƙi yayata ta raka ni neman mai hoto tun goron sa rana bai gama zagaya dangi ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a jinkiri. Sha'aban watan aure ne a wurinmu, kowane gida so yake amarya ta tare kafin a ga watan azumi. Waɗanda suka iya riƙe kyamara da gaske a garin nan ba su kai yawan bukukuwan ba. Sai ka ji mutum ya karɓi biki uku a Asabar ɗaya, ya je guda da kansa, ya tura yaransa sauran biyun, kuma ba wanda ya gaya wa amarya a wane rukuni ta faɗa.

Shagon farko da muka shiga, mai shi ya tarbe mu hannu bibbiyu, ya juyo mana da fuskar kwamfuta yana ta wuce hotuna da sauri. Aikin ba laifi. Amma cikin abin da yake nuna mana har da amare a ɗakin kwalliya, kai ba ɗankwali, wata ma da ɗaurin ƙirji ana shafa mata hoda a kafaɗa, ga samari biyu zaune a benci bayanmu suna kallo tare da mu. Ɗaya daga cikin amaren na santa, ajinmu ɗaya a lakol. Yaya ta taka mini ƙafa a hankali, ta ce, "Malam, mun gode, za mu yi shawara a gida." Kuɗin da ya faɗa bai kai na wanda muka ɗauka daga baya ba, nesa ba kusa ba. Amma wanda ya buɗe mini sirrin wata don ya samu cinikina, gobe nawa zai buɗe wa wata.

Wanda muka tsaya a kansa, wata maƙwabciyar Gwaggo ce ta yi mana kwatancensa, shagonsa na wajen Kasuwar Dole. Magidanci ne, furfura ta fara fito masa. Ya fara sana'ar tun zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, dole mutum ya yi tunani kafin ya latsa, kuma na ga alamar wannan tarbiyyar a aikinsa. Ya ciro albom biyu daga durowa, ya ce masu su sun yi masa izinin nunawa. Yaya ta ce ita biki guda take son gani daga farko har ƙarshe, domin kowa na iya tsinto kyawawa goma daga aikin shekara ya jera. Bai ji haushi ba. Ya buɗe mana ɗaurin aure da walimar wani biki cikakke, muka ga har waɗanda aka ɗauka bayan magariba da haske ya yi ƙaranci. Da Yaya ta ce na lalle fa, sai ya ce, "Hajiya, na cikin gida ba na buɗe wa kowa sai masu shi." Nan hankalina ya kwanta.

Na zaci daga nan sai ciniki. Sai ya ɗauko littafi da biro, ya gyara zama, ya shiga tambaya. Kwana nawa za a yi ana biki, kuma wane taro ne a wace rana: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, wuni, kai amarya, buɗar kai, walima. A ina za a yi kowanne. Gidan ango a wace unguwa yake, don ya san ko mutum ɗaya zai iya haɗa gidajen biyu a safiya ɗaya. Akwai makaɗa ko wa'azi za a yi. Shi da kansa ya ce in rubuta cewa ranar ɗaurin aure shi zai zo, ba yaronsa ba, ya kuma nuna mana shafin Asabar ɗin a littafinsa babu sunan kowa.

Tambayar da ta sa na sunkuyar da kai ita ce da ya ce, "Ku yi mini afuwa, iyaye mata nawa ne a gidan?" Yaya ta ce uku. Ya ce wace ce ta haifi amarya, wace ce kuma za ta riƙe bikin. Yaya ɗiyar uwargida ce, Hajiya Babba, ni kuwa ƴar fari ce a ɗakin Inna, wadda ke bi mata. Duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba za ta fito tsakar gida ta tsaya kusa da ni ana ɗauka ba, ko sunana ba ta faɗa, balle ranar aurena. Hajiya Babba ce uwar biki, ita ake wa barka. Mai hoton ya rubuta, ya ce to da Hajiya Babba za a fara, a bi da ta ukun, kowace da nata hoton ita da amarya, girma ɗaya, adadi ɗaya a albom, kada wata ta buɗe ta ga an rage mata. Inna kuwa kada a matsa mata a gaban jama'a. A bari sai gida ya lafa, yarinyar da ke masa aiki ta shiga ɗakinta ta ɗauke mu mu biyu, in ta yarda.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da muka ga ya san gida, sai Yaya ta ƙara masa da abin da bai tambaya ba: akwai ƙannen Baba biyu da ba sa ga maciji, kada a jera su, akwai matar Kawu da mijinta bai yarda a ɗauke ta ba ko da niƙabi, akwai wata ƴar uwarmu da aurenta ya mutu kwanan nan, za ta zo amma ba ta son fitowa. Duk ya rubuta ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba. A ganina wannan zaman shi ne rabin abin da aka biya shi. Kyamara ba ta san uwargida ba, ba ta san mai alkunya ba, kuma ranar biki ba wanda ke da lokacin tsayawa ya yi wa baƙo bayanin zumuncin gida.

Maganar yarinyar nan ta aiki ma ta cancanci a tsaya a kanta. Ranar lalle mata ne zalla a tsakar gida, an ajiye mayafai, ana guɗa, ana wasa tsakanin kaka da jika. Namiji baƙo bai da wurin tsayawa a nan. Shi yana da wata ƴar ɗan uwansa da ya koya wa aikin, ita ke shiga, da katin ajiya na daban. Ya ce in an gama, amarya za ta zauna da ita su bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, abin da amarya ta ce a goge a goge nan take, kafin katin ya bar gidan. Duk mai hoton da ba shi da mace a cikin aikinsa, ya kamata a ji daga bakinsa tun farko yadda zai yi da ranar lalle, kada sai ya iso ƙofar gida a fara gardama.

Sai babbar magana, hoton kafin aure. Ango yana so. Abokansa duk sun yi, an buga a kalanda, an manna a robobin rabo, an haɗa ɗan bidiyon gayyata ana turawa ta waya. Malamai kuwa sun daɗe suna wa'azi a kai, musamman yadda ake riƙe-riƙe da jingina tsakanin mutanen da ba a ɗaura musu aure ba. Ni ba zan iya tarar Baba da wannan zance ba, don haka na kai wa Gwaggo. Ta same shi bayan isha ta ce, "Yaya, yaran nan suna son su yi hoto irin na zamani kafin biki." Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce a turo masa mai hoton.

Ya zo da la'asar, ya cire takalmi a bakin zaure, ya durƙusa ya gaida Baba. Ina daga bayan ƙyaure ni da Yaya muna ji. Baba ya ce, "Malam, kafin fatiha ba matarsa ba ce. Ban hana a ɗauke ta ba, ban hana a ɗauke shi ba, amma ba tare ba. Kuma fuskar ɗiyata ba za ta hau kalandar da za a rataya a shagon mai shayi ba." Mai hoton ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, haka za a yi. In an ɗaura, sai in ɗauke su tare duk inda suke so." Bai yi ƙoƙarin lallashi ba, ko da yake zaman hoton kafin aure kuɗinsa daban ne kuma ya rasa shi ke nan. Daga baya shi ya zauna da ango ya nuna masa kalandar da aka yi da sunaye da addu'a kawai, da zanen irin na bangon Birni, tsohuwar unguwar garin, a gefe, har ango ya ce wannan ta fi.

Na san gidaje da yawa a garin nan da suka yarda a yi hoton tare, da muharrami a wurin, kowa a kujerarsa. Wannan tsakaninsu ne da iyayensu, ban ga laifin kowa ba. Abin da na tsaya a kai shi ne iyakar ta fito daga bakin iyaye, mai hoto ya ji ta da kunnensa, kada a bar wa yarinya ita kaɗai ta riƙa ce wa mai kyamara a'a a lokacin da yake cewa matso kaɗan, ɗora hannu a nan. Kunya kan hana ta magana, sai hoton ya fita ta ji kunyar da ta fi wannan.

A wannan zuwan ne ya nemi izinin duba gidan. Aka yi sallama, mata suka gyara, ya shiga tare da ƙanena. Akwai bishiyar dogon yaro a tsakar gidanmu, kowa ya ɗauka a inuwarsa za a jera. Ya ce a'a, hasken da ke ratsowa ta cikin ganye ɗigo-ɗigo yake sauka a fuska, ba gyaran da zai fitar da shi. Ya zaɓi jikin bangon ɗakin Hajiya Babba inda inuwar ta cika, ya roƙa a kwashe turmi da jarkokin ruwa daga wurin ranar. A waje kuma ya tambayi inda za a kafa rumfar maza. Ƙofarmu gabas take kallo, ɗaurin auren da safe ne, ya ce in liman da waliyyai suka ba wa rana baya, fuskokinsu duhu za su yi, a ɗan karkata rumfar. Ya duba inda ake jona wuta, ya ce duk da haka ba zai dogara da ita ba, zai zo da batir na ƙari da fitilarsa.

Ya yi maganar hazo ma. Fabrairu ƙarshen hunturu ne, wata rana a tashi gari fari fat da ƙura. Ya ce hazo ba maƙiyin fuska ba ne, yana tausasa haske, sai dai sama ba za ta fito shuɗiya ba, kada mu zarge shi. Ƙurar kuma ita ta sa yake zuwa da kyamara biyu, don kada ya buɗe ɗaya a fili yana sauya mata ido ƙura ta shige. Ya ce mu gode wa Allah ba Afirilu ko Mayu ba ne, lokacin da zafi ke haura 40, kwalliya na narkewa kafin a gama gaisuwa.

Zaman da aka yi mini ni kaɗai, a gida aka yi shi, Yaya na wurin, yarinyar aikin na riƙe da faifan da ke mayar da haske. Shi ya ba da shawara in kira mai kwalliyar da za ta yi mini ta ranar biki, ta yi irin wadda za ta yi, a gwada. Alhamdu lillahi da aka yi hakan. Hodar da ta shafa mini ta fi fatata haske. A madubi ba wanda ya lura, amma da filashi ya sauka sai fuskar ta yi toka-toka, wuya da hannu suka fito da launinsu na gaske. Ya juyo da bayan kyamarar ya nuna mata ba tare da ya ce komai ba, ita da kanta ta buɗe jakarta ta sauya. Ya sa na fito da kayan da zan sa, ya duba su a haske. Shadda mai maiƙo tana mayar da filashi, leshi mai duwatsu ma haka, don haka ya ce waɗannan a hasken rana zai ɗauke su. Ya yi mana bayanin farar shaddar ango: kyamara in ta ga fari ya cika mata ido sai ta rage haske, rigar ta fito daidai, fuskar mai ita ta dushe. Wanda bai saba ɗaukar baƙar fata cikin fararen kaya ba, a nan ake gane shi.

Yana tattara kaya ya ce, "Ƙanwata, gyara har ina?" Ban gane ba, sai ya bayyana. Akwai cire ƙurji da maiƙon goshi, akwai kuma wanda ake murje fata a ƙara mata haske har uwar amarya ta ɗauki hoton ta ce wannan wace ce. Ya ce amare da yawa na biyun suke nema, in bai yi ba su ce bai iya aiki ba, shi ya sa yake tambaya tun kafin. Na ce, "Malam, ƙurji a cire, amma launina a bar mini." Ni baƙa ce kamar Kaka, haka ango ya gan ni ya ce yana so, kuma ƴaƴan da Allah zai ba ni ina so su buɗe albom su ga uwarsu. Na ƙara da cewa tsagar fuskar Kaka kada a taɓa ta. Abin yana ba ni takaici yadda hoton biki ya zama wurin da ake koya wa ƴan mata cewa fatarsu aibi ce da za a gyara, kuma masu hoto suna da hannu a ciki duk lokacin da suka yi hakan ba a tambaye su ba.

Zaman hoton ango a Birni aka yi, shi da abokansa. Mai neman bango mai kyau a garin nan ba ya rasawa. Ga tsofaffin gidaje masu zane a fuska, ga manyan duwatsun da unguwar ta zauna a tsakaninsu, ga ragowar ganuwar Sarki Tanimun, ga fadar Sarkin Damagaram da ke tsaye tun ƙarni na 19. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasar har 1926 kafin a mayar Yamai bai kamata ƴaƴansa su tsaya gaban labulen da aka zana wa benen Dubai ba. Amma gidajen nan da mutane a ciki. Mai hoton ya riga su zuwa tun kwanaki kafin nan, ya gaida masu gidan da yake son bangonsu ya nemi izini, ya kuma gaida dogarai ya ji inda aka yarda a tsaya a ƙofar fada. Ya sa musu lokaci bayan la'asar, don a Fabrairu rana na faɗuwa wajen shida da rabi, kuma sa'ar da ke gabanin haka ita ce jan bangon ke fitowa da kyau. A wannan zagayen ya zaɓi wuraren da zai ɗauke mu tare bayan na tare.

Sai da aka gama duk wannan fahimtar aka rubuta takarda. Da Faransanci take, shafi ɗaya, ya karanta ta da Hausa a gaban Gwaggo don kada a ce an ɓoye wani abu. Ranaku da wurare da lokacin zuwa da na tashi. Mutum nawa za su zo. Hoto nawa za a gyara, nawa za a wanke a girman santimita 13 da 18 na albom, da manya biyu masu 30 da 40 na bango, ɗaya gidanmu ɗaya gidan su ango. Rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran sai an karɓi aiki. Ango ya tura rabin ta Nita, kamfanin aika kuɗi, aka haɗa rasit ɗin da takardar, shi da Yaya suka sa hannu. Kuɗin kabu-kabu da abincin ma'aikata a kanmu, aka rubuta, domin na sha ganin mai hoto tsaye tun safe har la'asar ba wanda ya tuna ya miƙa masa ko ruwa.

Akwai layuka uku da ban taɓa tunanin su ba sai da ya karanto. In ya kwanta rashin lafiya, ga wanda zai maye gurbinsa, kuma ya kira shi muka gan shi. In aka ɗaga biki, kamar in an yi rasuwa a dangi, kuɗin da aka bayar ba ya ƙonewa, za a nemi wata rana. Sannan lokacin karɓar aiki: kaɗan cikin kwana biyu don a tura wa ƴan uwa na nesa, sauran cikin mako uku, albom kuwa ya ce a ba shi wata guda da ɗori. Takarda da tawada da bangon albom daga Kano suke zuwa masa, tafiyar kusan kilomita 240, kuma ya ce tun da ya ga yadda aiki ya tsaya lokacin da iyaka ke rufe daga 2023 zuwa Maris na 2024, ya daina yin alƙawarin da hanya ce ke riƙe da shi.

Layin da na fi so shi ne na ƙarshe: ba zai sa hotonmu ko ɗaya a Facebook ko TikTok ko jikin shagonsa ba sai da izininmu, kuma izinin na hoto ɗaya ne, ba na duka ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da ta laifukan intanet ta 2019, amma ba wanda ke son aurensa ya fara da kai ƙara, kuma hoton da ya shiga wayoyi ba hukuncin da zai dawo da shi. Ya ce kyamararsa kati biyu take rubutawa a lokaci ɗaya, ko ɗaya ya lalace akwai ɗaya, kuma daren ranar zai kwafe a wuri biyu. Zai ba mu duka a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, zai riƙe kwafi shekara guda, bayan nan in mun ce ya goge ya goge. Ya gargaɗe mu kada mu dogara da waɗanda aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, don matse su yake yi, in aka zo wankewa babba sai su fashe. In dole ne a tura, a tura a matsayin fayil.

Abu biyu ya ce ba su cikin ikonsa, gara mu sani. Na farko masu hoton da ba a gayyata ba, waɗanda ke bin bukukuwa su ɗauki mata a bakin ƙofa, su ruga su wanko, su dawo su baza a tabarma suna sayarwa kafin a watse, wanda ba a saya ba kuma Allah kaɗai ya san inda yake ƙarewa. Ya ce a sa wani babba a ƙofa ya san fuskokin mutanensa, wanda ba ya cikinsu a ba shi haƙuri. Na biyu wayoyin ƴan biki. Wannan Hajiya Babba ce ta ɗauki nauyinsa, ta ce ranar lalle za ta sanar da bakinta cewa wadda ta ɗauki matar da ba ta ce a ɗauke ta ba, ta ci amanar gida.

Ya kuma nemi a ba shi mai nuni daga kowane gida, wanda ya san dangi kuma ba shi da wani aiki ranar. Muka ba shi ƙanena na ɗakin ta uku, su ango suka ba da ɗan yayansa. Ni da Yaya muka zauna da daddare muka rubuta sunayen waɗanda dole a ɗauka, muka jera su bisa girma. Da ya ga takardar sai ya ja layi a ƙarƙashin Kaka, wadda za a ɗauko daga Mirya, ya ce tsofaffi da sassafe ake ɗaukarsu, kafin hayaniya ta gajiyar da su su shige ɗaki su kwanta. Ya tambayi lokacin da mai kwalliya ta ce za ta gama, ya ƙara sa'a guda a kai a nasa lissafin.

Daren jajibiri ya kira wayar Yaya bayan isha, don hannuwana na ɗaure cikin lalle. Ta sa a fili ina ji. Ta gaya masa an dawo da ɗaurin auren baya da rabin sa'a, domin liman na da wani a Garin Malam bayan namu. Ya ce to zai yi asuba a masallacin unguwarmu ke nan. Ya tambaya ko an karkata rumfar, ta ce an karkata. Ya tambaya ko Kaka ta iso, ta ce tun la'asar, tana ɗakin Inna. Ya ce, "Hajiya, a gaya wa mai nuni ya same ni a ƙofar masallaci da takardar sunaye, a kuma ba Kaka kokonta da wuri, da ita za mu fara kafin maza su taru."